Dukhan a Kan Gawayin Kwakwa

Bani Malik, Jidda
6 ga Rabi'u Lahir, 1446

Zuwa ga Gwaggo Tani, a Gadarif.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ina durƙusawa in gaishe ki. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki? Na ji an ce gidanmu ya cika da baƙin da yaƙi ya koro daga Madani, har ba wurin shanya. Allah ya saka miki, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Mu nan lafiya lau, ni da jikarki Latifatu. Ta shiga shekarar ƙarshe ta sakandare, ta fi ni tsawo, baki kuwa ta daɗe da fina.

Wayarki kullum ba ta shiga, in ta shiga ma rabin maganar iska ke kwashewa, shi ya sa na koma takarda. Othman mai fataucin dabbobi zai kawo miki in ya sauke tumakinsa jirgi ya juya Sawakin. In kin ji tana warin rago, ba daga gare ni ba ne.

Gwaggo, wani abu ya same mu ran Talata. Wata amarya 'yar unguwar Mahjar ta zo dukhan, wankan hayaƙin nan, zamanta na tara. Na shafe ta da mai, na zaunar da ita a kan kujerar nan mai huda, tukunya a ƙasa, na lulluɓe ta da bargo har wuya. Kin san a nan ba rami, a bene muke. Itacen talhar da kika aiko na ƙarshe ya ɗan sha danshin teku, hayaƙi ya fi na kullum. Ashe watan jiya mai ginin ya sa an liƙa wata na'ura mai jin hayaƙi a rufin kowane ɗaki. Ni na ɗauka fitila ce ba a gama haɗawa ba. Sai kawai ta fasa ihu! Gini hawa biyar ya zubo waje, wata da ludayi a hannu, wani da rabin aski. Motar kashe gobara ta iso. Amaryata ta zabura da bargonta ta yi kan matakala, hayaƙi na fita ta ƙasanta, tana ta kiran sunan Allah. Yanzu in na tuna nakan yi dariya, amma ran nan ban yi ba. Akwai wani dattijo a hawan samanmu, Abu Raed, mai ciwon ƙirji. Hayaƙin ya bi ta tagarsa, sai da aka kai shi asibiti. Ya dawo, alhamdu lillahi. Matarsa ta ce min shekara biyu suna shaƙa suna haƙuri, kunya ce ta hana su magana. Na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari mata biyu suka zo daga baladiya, hukumar gari. Ba su ɗaga min murya ba. Suka ce ba a ƙona ɗanyen itace a ginin da mutane ke kwana a sama. Abin da suka yarda a kunna shi ne wani gawayi da ake matsawa daga ɓawon kwakwa, 'yan dunƙule masu kusurwa huɗu, a kwali mai hatimi. A sa shi a kaskon ƙarfe, a kuma sa fanka mai zuƙe iska waje. Sun ba mu zuwa biyar ga Rajab. Ran nan za su dawo su gwada ɗakin. In ya yi, mu ci gaba. In bai yi ba, su rufe shi.

Kin san shagon na Tahani ne, ita ce kafilata da ta tsaya min, iƙamata da ta Latifatu, takardun zamanmu a ƙasar, a hannunta suke, kuma a Rajab ɗin nan suke ƙarewa. Tahani ba muguwa ba ce. Haihuwar Jidda ce, kakanninta daga Katsina suka tako a ƙafa, Hausa tana ji sarai amma in za ta amsa sai Larabci. Ta ce min masu lalle da masu gyaran gashi tana da su har sun yi mata yawa, ni don dukhan ta ɗauke ni. In ba dukhan, ba ta da hujjar sabunta min takarda. Ta ce "halas," wato shi ke nan, ta kau da kai don kada in ga idonta.

Na je kasuwar Bab Makka na sayo gawayin. Yana kamawa da kyau, yana daɗewa, ba hayaƙi, ba ƙamshi, ba komai. Na zaunar da wata mata a kai awa guda. Ta tashi ta shinshina hannunta ta ce in dai gumi ne, ranar Jidda na ba ta kyauta.

Saboda haka, Gwaggo, kada ki sake aiko itace. Ko ya zo ba inda zan ƙona shi. Ki sa mu a addu'a, tsoro nake ji ƙwarai. Ban san inda zan kai yarinyar nan ba in aka ce mu tafi.

Ɗiyarki,
Mastura

Gadarif
27 ga Rabi'u Lahir

Ke Mastura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, baƙinmu ma lafiya, mutum goma sha ɗaya ne yanzu ban da jarirai. Ki gai da Latifatu, ki ce ta rage bakin.

Takardarki ta zo. Na karanta har na kai layin da kika sallame ni, na naɗe ta na sa ƙarƙashin tabarma. "Kada ki sake aiko itace." To, madalla. Shekara goma sha huɗu ina aiko miki, ba a taɓa cewa ga wanda ya zo da tsutsa ba. Wannan karon ma dami biyu na haɗa. Da kaina na hau amalanken jaki na je bayan gari, don masu sara na yanzu ba su san tsohuwar talha daga sabuwa ba, kome ja a wurinsu talha ne. Na ɓare, na shanya, na ɗaure. Othman ya zo ɗauka sai ya miƙo min takarda maimakon hannu.

Ki faɗa min gaskiya. In kunyar sana'armu kike ji a gaban Larabawa, ki ce kunya nake ji, Gwaggo. Kada ki laɓe bayan wata na'ura mai ihu. Gawayin kwakwa! Da shi za ki gyara 'yar mutane? Amarya ce ko masara? Ranar da ubanki ya rasu na ɗauko ki kina shekara tara, ba ni da gona ba ni da shanu, ramin nan na bayan ɗaki shi kaɗai na gada, shi na koya miki. Da shi kika yi aure, da shi kika riƙe kanki bayan mijinki Abdallah ya rasu, da shi kika ƙetare teku. Yau kuma an ba ki takarda mai hatimi kin ce to.

Kakarki, Iya Khadijatu, ba haka take ba. Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu muka koma rumfunan kara a bayan masallaci, aka hana kowa hura babbar wuta don kada rumfunan su kama. Ramuka duk sun cika da laka. Ga kuma bikin 'yar liman saura kwana ashirin. Kin ji Iya ta ce a fasa? Talha ta daka a turmi, ta kwaɓa da ƙaro, ta dunƙula, ta riƙa ɗorawa a kan ɗan garwashin da ake dafa gahawa. Hayaƙin bai kai na turaren wuta ba, amma yarinyar nan ta shiga ɗakin miji fatarta kamar an shafa kurkur, ƙamshi har zaure. Iya ba ta rubuta wa kowa ta ce a daina kawo itace ba.

Damin suna nan a jingine. In na mutu a dafa wa masu zaman makoki shayi da su.

Ina yi miki addu'a duk da haka, don ba ni da wata ɗiyar.

Gwaggonki

Bani Malik, Jidda
9 ga Jimada Lawwal

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina neman gafara. Muna lafiya. Latifatu ta ce a gaya miki bakin gado ne, kuma ta san daga wace kaka ta ɗauko.

Haba Gwaggo! Ni zan sallame ki? Takardarki ta same ni ina tsakiyar yi wa wata dilka, na buɗe da hannu duk mai, na karanta, sai hawaye. Matar ta ɗauka rasuwa aka yi, ta fara yi min ta'aziyya. Wallahi tallahi ban taɓa jin kunyar aikin nan ba. Gudun wahalarki na yi, kada ki sara ki ɗaure ki aiko ya zo ya ruɓe a kan soro. Kuma ki tuna da dattijon nan na sama. Da kin ga yadda aka fito da shi yana kokawa da numfashi, da ke kanki kin kashe tukunyar. Mutanen baladiya ba su zalunce ni ba.

Sau uku na karanta. Na farko na yi kuka, na biyu na yi fushi. A na uku ne na tsaya a kan labarin Iya, na miƙe tsaye ban sani ba. Gwaggo, kin san abin da kika rubuta kuwa? Garwashin gahawa! Ai shi ne gawayin nan nawa, wuta ce ba hayaƙi. Su abin da suka hana shi ne itace ya zama shi ne wutar. In wutar ta gawayinsu ce, talhar kuma 'yar dunƙule ce a kai, ai kowane gida a Jidda haka ake turare. Faɗa kika zo yi min, sai ga shi kin buɗe min ƙofa. Shekara nawa ina gabanki ba ki taɓa ba ni wannan labari ba?

Don Allah, don darajar iyaye, ki rubuto min yadda ake yi. Talha awo nawa, ƙaro awo nawa? Da ruwa ake kwaɓawa ko da mai? Girman dunƙulen fa? A rana ake shanyawa? Kada ki bar komai, ko abin da kike ganin kowa ya sani, ni ban sani ba. Damin nan kuwa kada wanda ya taɓa su, ba shayin makokin kowa da za a dafa.

Fankar an riga an sa, kaskon ƙarfe ma na saya. Tahani ta ce duk abin da zan gwada in gwada a kan soro, in na sake tara mata motar kashe gobara ita da kanta za ta raka ni tashar jirgi. Saura kwana hamsin da biyar. Othman zai juyo nan da mako biyu, ina jiran amsa a hannunsa.

Taki,
Mastura

Bani Malik, Jidda
8 ga Jimada Lahir

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu jiki lafiya.

Othman ya zo hannu wofi. Na tambaye shi ko ba ki da lafiya, ya ce garau kike, ya same ki a tsakar gida kina faɗa da mutane. Na ce takarda fa? Ya ce kin ce ba ki da abin faɗa min tukuna. Na sa ya maimaita sau biyu. Na gane, Gwaggo. Har yanzu ba ki huce ba. Amma ban zaci fushin zai kai ki riƙe abin da kika san shi ne zamana a ƙasar nan ba. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Na gwada da kaina. Ragowar talhar da ke wurina na kai wa mai injin niƙa kayan yaji a Bab Makka, ya mai da ita gari lukui. Na kwaɓa da ƙaro da sukari, yadda muke yi wa turaren wuta, na busar a rana. Na hau soro na ɗora a kan gawayin. Fuu! Ta kama da harshen wuta, baƙin hayaƙi ya tashi, wari kamar an ƙona alewa. Na rage sukari, ta ƙone ƙurmus kafin in gyara zama. Na ƙara ruwa, ta yi fumfuna. Na ƙara ƙaro, ta zama dutse, gawayi ya cinye kansa ita ko gezau. Yanzu talhar ta ƙare, tafin hannuna duk ƙuna.

Jiya na iske wani mutum a ɗakin dukhan da igiyar awo. Tahani ce ta kira shi ya duba ko kujerun busar da gashi uku za su shiga. Da ta gan ni ta ce ai dubawa kawai ake yi. Na shiga banɗaki na wanke fuska.

Latifatu ta daina surutu, kin san kuwa abin ya kai. Shekaranjiya muna cin abinci ta ce, "Umma, in biya kuɗin littafin jarrabawa ko in bari?" Na ce ta biya. Ban san ko gaskiya na gaya mata ba.

In laifina ne ki hukunta ni yadda kika ga dama, amma bayan Rajab. Saura kwana ashirin da bakwai.

Mastura

Gadarif
18 ga Jimada Lahir

Mastura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki share hawaye ki buɗe buhun. Akwai dunƙule sittin a cikin gwangwanin madara, busassu, da su za ki fara. Sauran dakakkiyar talha ce da ƙaro.

Ki saurara da kyau. Ba a kai talha inji. Wa ya ce miki? Gari wuta yake kamawa. A turmi ake dakawa, a bar ta da tsakinta kamar na dawa. Sukari kuwa kada ya kusanci wurin, ba shayi kike haɗawa ba. Finjalin gahawa shi ne ma'auni. Talha huɗu, ƙaro ɗaya. Ƙaron ya kwana a ruwa ya narke, ki tace. Ki kwaɓa da tauri, ki dunƙula ƙasa da fura kaɗan, ki huda tsakiya da tsinke. A inuwa ake shanyawa, kwana bakwai, ana juyawa. Rana na busar da baya ta bar ciki ɗanye.

Ga babban abin. Kada dunƙulen ya taɓa jan garwashi. Ki bari gawayin ya kama sosai, ki barbaɗa masa toka sama-sama har jan ya ɓuya, sannan ki ɗora. Ba ƙonewa ake so ya yi ba, gumi ake so ya yi. Biyu sun isa zama ɗaya. Bargon ki ja shi ya taɓa ƙasa ta ko'ina.

Ki fara gwadawa a jikinki kafin jikin 'yar mutane. Maganar fushi ki ajiye ta, za mu yi ta daga baya.

Gwaggonki

Bani Malik, Jidda
9 ga Rajab

Gwaggo! Gwaggo tawa!

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, lafiya ta fi lafiya! Ki sa a yi miki guɗa a tsakar gida, ni na yi tawa har maƙogwarona ya dushe. Ba a rufe ba, Gwaggo. Ba a rufe ba!

Bari in bi miki daga farko. Buhun ya iso saura kwana takwas. Ran nan na hau soro, na yi yadda kika ce, na rufe jan da toka, na ɗora biyu. Na jira wuta ta tashi, shiru. Sai wani siririn hayaƙi fari ya fara fita ta hudar tsinken, a hankali, ba ya gaggawa. Ƙamshin ya bugo ni sai na ga bayan ɗakinmu na Gadarif. Kwana biyar ina zama da kaina. A na huɗu Latifatu ta kama hannuna ta ce, "Umma, kin yi ruwan ɗorawa!" Rigar da na cire kuwa har yau in na buɗe akwati sai ta gaishe ni.

Ran biyar ga wata da hantsi suka zo, matan nan biyu na farko. Babbar ta duba kwalin gawayi, ta duba hatimin, ta sa aka kunna fanka. Ta ɗauki dunƙule ɗaya ta juya, ta shinshina, ta tambayi abin da ke ciki, na faɗa mata. Sai ta ce ba za su gwada ɗaki ba kowa ba, sai an yi aikin yadda ake yinsa, da mutum a kai, minti arba'in. To ga matsala. Amaryar da na shirya da ita ta leƙo ta ga baƙi da na'urori, ta ce ita wallahi ba za ta tuɓe a gaban hukuma ba, ta ja abayarta ta gudu. Ni ba dama in zauna, ni ce mai kula da wuta. Masu lalle duk suka sunkuyar da kai.

Sai Tahani ta ajiye wayarta ta ce, "Yalla, ni zan zauna." Tahani fa! Matar da shekara shida tana toshe hanci in ta wuce ƙofar ɗakin, tana ce min aikin mutanen dā. Na shafe ta da mai, na lulluɓe ta, kanta kaɗai a waje, gumi na wanke kwalliyar da ta yi don baƙi. Ƙaramar jami'ar ta tsaya da na'ura a hannu tana kallon lambobi. Ni kuwa idona na kan abin nan na rufi. Minti goma, shiru. Minti ashirin, shiru. Na karanta duk surar da na haddace, har da waɗanda ban gama haddacewa ba.

Wajen minti talatin sai na ga Tahani ta sunkuyar da hanci cikin wuyan bargon. Na zaci zafi ne, na matso in sassauta. Ta ɗago ido jajir, ta ce da Hausa, Gwaggo, da Hausa tsantsa, karon farko tun da na san ta, "Ƙamshin kakata ne." Ta ce haka zanen tsohuwar yake in ta goya ta. Ta yi ta kuka a cikin bargo, ba halin share hawaye don hannuwan na ciki, ni na riƙa share mata.

Da lokaci ya cika babbar ta ce saura abu ɗaya. Ta hau sama da kanta ta buga ƙofar Abu Raed, na bi ta a baya. Matarsa ta buɗe. Aka tambaye ta ko hayaƙi ya dame su yau. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Au, yau kun buɗe ne?" Tagar tsohon a buɗe take, yana zaune a gindinta yana shan shayi.

Muka sauko. Jami'ar ta ce wutarmu gawayi ce, kuma irin wanda suka yarda da shi ne. Dunƙulen kuwa turare ne, ba itacen wuta ba. Ta sa hannu. Tana fita masu lalle suka kaure da guɗa, Tahani ta fito da bargonta tana rawa, na ce ta koma ciki kafin a sake kiran motar kashe gobara.

Shekaranjiya saƙo ya shigo waya, iƙamata da ta Latifatu an sabunta. Yarinyar nan tun ran nan bakinta bai rufu ba. Mai igiyar awo an ce ya sha zamansa. Mata biyu masu irin aikina, ɗaya a Mahjar ɗaya a nan unguwar, su ma an ba su irin takardata, sun zo har gida suna roƙo. Na koya musu, na san ba za ki hana ba.

Tahani ta sa mai fenti ya rubuta a ƙofar ɗakin, da Larabci da Hausa, Haɗin Kaka Khadijatu. Allah ya jiƙan Iya, ta cece mu daga kabari. Ke kuma, Gwaggo, na yafe watan nan da kika yi kina horar da ni, ke ma ki yafe min.

Ɗiyarki har abada,
Mastura

Gadarif
28 ga Rajab

Mastura ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An karanta takardarki a tsakar gida sau biyu, an yi guɗa har maƙwabta suka shigo tambayar wa ya haihu. Alhamdu lillahi. Na yi farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba. Ki gai da Latifatu, ki gai da Tahani, ki ce zama ɗaya ba ya gyara mutum, ta ci gaba.

Yanzu maganar da na ce mu ajiye. Ba horar da ke na yi ba. Ban san awon ba ne, Mastura. Shekarar ruwan nan shekarata bakwai. Abin da na gani bayan Iya ne tana daka, da wasu 'yan dunƙule a kan faifai. Shi ke nan. Ba ta sake yi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Cikin fushi na rubuta miki kamar a hannuna aka yi, don in kunyata ki. Da takardarki ta zo kina tambayar awo nawa, sai na fita neman wanda ya sani. Na zaga tsofaffin unguwa, waɗanda za su sani duk sun riga mu gidan gaskiya. Othman ya zo, me zan ce masa? In rubuta miki cewa Gwaggonki cika baki ta yi, alhali kin ɗora zamanki da na yarinya a kan maganata?

Sai na jawo turmi. Baƙin nan namu na Madani su suka yi ta daka, ni ina haɗawa. Sau goma sha tara muka kwaɓa muka zubar. Dami guda cur ya tafi a haka. Duk abin da ya same ki a soro ya same ni a tsakar gida, har da sukarin, don haka faɗan da na yi miki a kansa rabi nawa ne. Wata baiwar Allah da ta zauna mana gwaji sai da zanenta ya ci wuta. Tokar ma ba hikimata ba ce. Wata safiya na gaji, na jefa ɗaya a kan garwashin gahawa da ya fara mutuwa, na tafi alwala. Na dawo na tarar matan sun kewaye shi suna shaƙar ƙamshin. Ko Iya da toka ta yi, ko ba da toka ba, Allah kaɗai ya sani.

Saboda haka rubutun nan na ƙofa bai yi ba. Iya ta sha yabonta tana da rai, kuma ta cancanta, ina yi mata addu'a kullum. Amma wannan ni na haɗa shi, bana, ina da shekara saba'in da ɗaya. Ki kira mai fentin ya goge. Ya rubuta Tani, da manyan baƙaƙe, yadda matan baladiya za su gani tun daga matakala.

Gwaggonki,
Tani